Oganeson: Samuwarsa da Siffofinsa

1.0 Gabatarwa

Gurbi na ƙarshe a jadawalin sinadarai, wato na 118, na wani sinadari ne mai suna oganeson. A nan za mu yi bayanin yadda aka samar da shi da kuma siffofinsa, domin malami ya iya rarrabe wa ɗalibai abin da aka auna da abin da aka yi hasashe.

2.0 Samuwarsa

Lambar kowane sinadari ita ce adadin furoton da ke cikin cibiyar ƙwayar zarrarsa. Ba a haƙo oganeson daga ƙasa, a ɗakin bincike ake ƙera shi. Masana na cibiyar binciken nukiliya da ke Dubna a ƙasar Rasha, tare da takwarorinsu na Livermore a Amurka, sun yi ta harba ƙwayoyin kalsiyam mai furoton 20 a kan kalifoniyam mai furoton 98, har cibiyoyin biyu suka haɗe suka ba da 118. Sun sami ƙwaya ɗaya a shekarar 2002, da wasu biyu a 2005, sannan suka bayyana sakamakon a 2006.

Kafin haka, a 1999, wasu masana a Berkeley sun yi iƙirarin samar da shi, amma suka janye a 2001 bayan an kasa maimaita gwajin nasu. A 2015 ƙungiyar IUPAC ta amince da aikin Dubna, a 2016 kuma aka raɗa wa sinadarin sunan masani Yuri Oganessian.

3.0 Siffofinsa

Abin da aka auna kaɗan ne. Ƙwayar oganeson ba ta cika kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba take rikiɗewa ta zama sinadari na 116, wato libamoriyam. Saboda haka babu wanda ya taɓa ganin launinsa.

Sauran bayanai daga lissafi suka fito. Oganeson yana rukuni na 18 tare da hiliyam da niyon, waɗanda iskar gas ne da ba su cika haɗuwa da wasu sinadarai ba. Sai dai lissafi ya nuna cewa shi daskararre ne a zafin ɗaki, kuma ya fi su saurin haɗuwa.

4.0 Kammalawa

Bisa ga wannan, muna ba da shawarar kada littattafan koyarwa su kira oganeson iskar gas don kawai rukuninsa. Ya kamata malami ya riƙa amfani da kalmomin "an auna" da "ana hasashen" kowace a muhallinta.