KULA DA FIRINTA MAI TAWADA A OFISHIN HAKIMI

Ofisoshin hakimai da yawa yanzu suna da kwamfuta da firinta, watau injin buga takarda. Da ita a ke fitar da wasiƙu zuwa fadar Sarki da ƙaramar hukuma, da takardun shaida, da na sulhun gonaki. Ran da ta ƙi aiki kuwa, mutumin da ya baro ƙauyensa tun asuba sai ya koma hannu banza. Abu biyu ne su ka fi damun malaman ofis game da ita: toshewa da tsadar tawada. Su biyun tushensu ɗaya ne, domin firintar da ta toshe ta kan sha tawada mai yawa wajen wanki.

YADDA TA KE AIKI

A cikin firinta akwai wani abu mai kai da komowa bisa takarda, ana kiransa kai. A ƙarƙashinsa akwai ɗaruruwan kafofi, kowace ba ta kai kaurin gashin mutum ba, ta nan tawada ke fesowa ɗigo ɗigo. Hanyar feson iri biyu ce. Yawancin ƙananan firintocin HP da Canon zafi su ke amfani da shi: wani ɗan ƙarfe ya kan yi zafi wajen digiri 300 cikin ƙiftawar ido, tawada ta yi kumfa, kumfan ya tura ɗigo waje. Kamfanin HP ya fito da irin wannan kasuwa a 1984. Na Epson kuwa wani ɗan sinadari ne mai lanƙwasa idan lantarki ta taɓa shi, shi ke matso tawadar.

Mafi yawan tawadar nan ruwa ne. In ta daɗe a bakin kafa ba ta motsa ba, sai ruwan ya bushe, ya bar dasƙararren abu, kamar yadda tawadar allo ke bushewa a bakin alƙalami. Busasshiyar iskar hunturu da ƙurarta, da zafin bazara, suna gaggauta wannan ƙwarai.

RIGAKAFI

Na farko, kada a bar firinta ta yi mako ba ta buga kome ba. Ko babu aiki, a buga shafi 1 mai ɗauke da baƙi da sauran launuka.

Na biyu, a kashe ta da maɓallinta, a jira ta yi shiru, sa'an nan a kashe soket. Dalili kuwa, in an kashe ta haka kan ya kan koma mazauninsa, inda wani murfin roba ke rufe kafofin. In an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, da zarar wuta ta dawo a kunna ta, a sake kashe ta yadda ya kamata.

Na uku, a lulluɓe ta da ƙyalle in an tashi aiki, a nisanta ta da taga da hasken rana.

Na huɗu, kada a ci gaba da bugu bayan tawada ta ƙare. A firinta mai aiki da zafi tawada ce ke sanyaya ƙarafan nan. In babu ita su kan ƙone, ƙonannen kai kuwa ba ya gyaruwa.

IDAN TA TOSHE

Alamar toshewa ita ce fararen layuka a cikin rubutu, ko ɓacewar wani launi. A fara da gwajin kafofi, wanda ke sashen gyara na firinta a cikin kwamfuta. Za ta buga layuka na kowane launi, inda layi ya tsinke nan ne kafa ta toshe. Sa'an nan a umurce ta ta wanke kanta, umurnin yana wannan sashe, a sake gwaji. In an yi sau 3 ba a ga sauƙi ba, a dakata, a bar ta ta kwana a kashe domin busasshiyar tawadar ta jiƙa, kashegari a sake gwadawa. Maimaita wanki ba ƙaƙƙautawa ɓarna ce: tawada tana zurarewa cikin wani soso a gindin injin, in soson ya cika firinta ta kan tsaya sai an sauya shi.

In kafofin suna jikin kurtun tawada ne, wanda masu shago ke kira katirij, kamar yadda ya ke a ƙananan HP da Canon, malami na iya gyarawa da hannu. Ya cire kurtun, ya jiƙa ƙyalle mai tsabta marar zare da tataccen ruwa mai ɗumi, ya ɗora bakin kurtun a kai wajen minti 10, har tawada ta fito sosai a ƙyallen. Ya tsane shi, ya bari ya bushe, ya mayar. Kada ya taɓa jajayen ƙarafan lantarki na jikin kurtun, kada kuma ya soka allura, domin ta fi kafar kauri nesa ba kusa ba. Ruwan rijiya da na burtsatse suna da gishiri mai ƙara toshewa. Tataccen ruwa shi ne wanda a ke ƙara wa batirin mota, amma lalle a tabbata ba ruwan asid aka bayar ba. In kuwa kan yana haɗe da injin ne, kamar na Epson, a kai wa mai gyara.

TATTALIN TAWADA

Kada a duba kuɗin kurtu kaɗai. A raba kuɗin da yawan shafin da kamfani ya ce zai buga, ta haka za a san kuɗin shafi ɗaya. Ƙaramin baƙin kurtu HP 123 an ƙiyasta masa shafi 120. Kwalbar baƙar tawada Epson 103 kuwa, mai mililita 65, an ƙiyasta mata shafi 4,500, watau ta tsaya a madadin kurtu 37 da ɗoriya. Irin firintar da a ke ɗura wa tawada daga kwalba, Epson ta fara sayar da ita a Indunusiya a 2010, yanzu Canon da HP da Brother duk suna yi. Ta fi tsada ran saye, amma ofis mai yawan bugu ba ya daɗewa ya ke mai da kuɗinsa. Ita ma tana toshewa in an bar ta.

Ofishin da wasiƙu kaɗan ya ke bugawa, da baƙi kawai, ya fi dacewa da firinta mai leza. Tawadarta gari ce, ba ta bushewa, sai dai ta fi cin lantarki.

Har wa yau, a karanta takarda a fuskar kwamfuta a gyara kure kafin a buga. Takardun cikin ofis a buga su da sassauƙan bugu, wanda a ke kira diraf. Saƙon da ke cewa tawada ta yi ƙasa sau da yawa ƙiyasi ne, ba sai an jefar da kurtu nan take ba, a jira rubutu ya soma dushewa.

Game da ɗurin tawada a tsohon kurtu, yana da araha, amma da sharaɗi. Tawada iri biyu ce: mai rini, wadda ta narke cikin ruwa, da mai ƙwayoyin launi. Gauraya su na iya toshe kai. Mai rini ta fi saurin zuba in ruwa ya taɓa ta, ta kan kuma koɗe a rana, saboda haka takardun gado da na filaye, waɗanda jikoki za su nema, a buga su da mai ƙwayoyi ko da leza. A sani kuma waɗansu firintoci su kan ƙi karɓar kurtun da ba na kamfaninsu ba, akwai kuma jabu a kasuwa, sai a tambaya kafin a biya.

ABIN DA A KE SO GA HAKIMI

Ya kamata hakimi ya danƙa firinta a hannun malami guda, wanda zai buga shafin gwaji kowace Litinin. Malamin ya ajiye littafi, ya riƙa rubuta ranar da aka sa tawada, da kuɗinta, da ranar da ta ƙare. Bayan wata 6 littafin zai nuna ko firintar ta dace da aikin ofishin, ko kuwa gara a nemi wata. Kuɗin tawada dukiyar jama'a ce, amana ce a hannun hakimi da malaminsa.