Windows 10 Ta Daina Samun Gyara: Ina Mafita Ga Mai Tsohuwar Kwamfuta?

Yau da masu kwamfuta za mu yi magana, ta tebur ko ta cinya: ɗalibi, ma'aikacin ofis, mai shagon buga takardu, da malamin makarantar da ya zuba sakamakon jarrabawar yara a cikinta.

A ranar Talata, 14 ga Oktoba 2025, kamfanin Microsoft na Amurka ya janye hannunsa daga kula da manhajar Windows 10, wadda ya fitar tun 29 ga Yuli 2015. Mutane da yawa sun ji labarin, sun kunna kwamfutarsu washegari, ta tashi lafiya lau, sai suka ce ashe ba komai. Gaskiya ne, ba za ta mutu ba. Za ka ci gaba da rubutu, da kallo, da shiga intanet. Abin da aka daina ba ya ganuwa da ido, shi ya sa na ga ya kamata mu tsaya a kansa.

Kowace Talata ta biyu a wata, Microsoft kan aiko da gyara ta intanet domin toshe ɓarakar da aka gano a manhajar. Kamar magini ne da ke zagayo katangar gidanka duk wata yana liƙe inda ta tsage. To maginin nan ya daina zuwa, ruwa kuwa bai daina sauka ba. Akwai ma wani abin da ya fi damuna. Windows 10 da ƙanwarta Windows 11 ginin gida ɗaya ne a wurare da dama. Duk lokacin da aka liƙe wata tsaga a sabuwar, ɓarayin intanet sukan bibiyi gyaran su gane inda ramin yake, sannan su je su gwada shi a tsohuwar, inda ba wanda zai liƙe.

Mun taɓa ganin irin ɓarnar da rashin gyara ke jawowa. Ranar Juma'a 12 ga Mayu 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a duniya, ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Takan kulle duk fayilolin mutum, ta ce sai ya biya kuɗin fansa dala 300. A Ingila har asibitoci suka soke ganin marasa lafiya da ayyukan tiyata. Alhali Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris, wata biyu kafin abin ya faru. Waɗanda ta kama, akasarinsu ba su ɗora gyaran ba ne. Su maganin yana nan suka yi sakaci. Mai Windows 10 a yau kuwa, in bai ɗauki mataki ba, maganin ma ba zai iso gare shi ba.



Masu sauraro, kafin ku taɓa komai, ku kwashe kayanku. Takardu, hotuna, lissafin shago, a kwafe su a filas ko wani faifan ajiya na waje, a kuma ajiye mafi muhimmanci a intanet. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive yana ba da 5. Sau da yawa wajen sauya manhaja ake goge aikin shekaru, don kawai an miƙa wa mai gyara kwamfuta ba a ce masa komai ba.

In an gama wannan, sai a duba ko kwamfutar za ta ɗauki Windows 11. Ga wanda Windows 10 ɗinsa ta halal ce, sauyin kyauta ne. Microsoft na da ƙaramar manhaja mai suna PC Health Check da za ta gaya maka nan take. Sharuɗɗan sun haɗa da RAM gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64, da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0. A wasu kwamfutocin TPM ɗin yana nan, a kashe yake kawai, mai gyaran da ya san aikinsa zai kunna shi a cikin BIOS cikin 'yan mintuna. Don haka kada a yi saurin cewa kwamfuta ta tashi daga aiki.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfutar, wato furosesa. In ta Intel ce, galibi sai 'yar zubi na takwas zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017. A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye, domin yawancinmu 'yan gwanjo muke saye. Kamfanonin Turai da Amurka suna sauke tsofaffin kwamfutocinsu, kuma kasuwanninmu na cikin inda suke sauka. Ku saurara da kyau. Mai sayarwa zai ce maka “Core i5 ce” ko “Core i7 ce”, wannan bai isa ba. Ka duba lambar da ke biye. In ka ga i5 sannan 7200, zubi na bakwai ce. In ka ga i5 sannan 8250, zubi na takwas ce. Wannan lamba ta farko ita ce za ka yi ciniki a kanta. Kuma ganin Windows 11 a fuskar kwamfuta ba hujja ba ne, domin akwai dabarar cusa ta a kan na'urar da ba ta cika sharaɗi ba. Tana aiki, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai lamunce wa irin wannan kwamfuta samun gyara ba. 'Yan kasuwa, don Allah ku riƙa gaya wa mai saye gaskiyar abin da kuka ɗora masa.

Wanda tasa ba za ta ɗauka ba, kuma ba halin sayen wata, an ɗaga masa ƙafa. Akwai shirin ƙarin wa'adi da ake kira ESU, mai ba da gyaran tsaro kaɗai har zuwa 13 ga Oktoba 2026. Ana shiga ta Settings, a sashen Windows Update. Kuɗinsa dala 30, amma kyauta ne ga wanda ya shiga da asusun Microsoft ya yarda a ajiye saitin kwamfutarsa a can. Sai dai dole Windows ɗin ta zama samfurin 22H2. In kana son sanin taka, danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta winver, za ta nuna maka.

Ni dai a ganina, tsohuwar kwamfuta mai lafiya ba abar yarwa ba ce. Ga ɗalibin da aikinsa rubutu ne da bincike a intanet, Linux Mint ta wadatar. Kyauta ce, ba ta da nauyi, tana samun gyara a kai a kai, kuma tana zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel. Za a ɗan sha wahalar sabo na kwana biyu, daga nan shi ke nan. Amma masu shagon zane da ɗab'i su sani, CorelDRAW da Photoshop ba a yi su don Linux ba. In da su kake neman abinci, bar Windows 10 ɗinka, amma ka raba wannan kwamfutar da intanet, kada ka shiga asusun bankinka da ita, kuma kada ka buɗe filas ɗin kwastoma sai ka bincike shi da manhajar kashe bairos. A tuna kuma, Office 2016 da Office 2019 su ma a wannan rana ta 14 ga Oktoba aka daina yi musu gyara.

Shugabannin makarantu, asibitoci da ofisoshi, bayanan jama'a amana ce a hannunku. Ku sa a ƙirga kwamfutocin da ke kan Windows 10 a cikin makon nan, a ware waɗanda za su ɗauki sabuwa da waɗanda ba za su ɗauka ba. Kai kuma mai sauraro, in ka koma gida yau, fara da kwafe fayilolinka.