Wasiƙar Ƙarshen Shekara: Inda Miji da Mata Kan Yi wa Kansu Ba'a

Da zarar watan Disamba ya kama, ma'aikatan gidan waya a Amurka da Ingila sun san aiki ya same su. Ban da katunan gaisuwar Kirsimeti, akwai wata takarda da akan ninke a cusa cikin ambulan tare da katin, wadda ba ta cika wuce shafi ɗaya ko biyu ba. Ita ce wasiƙar ƙarshen shekara, watau wadda miji da mata kan zauna su zayyana abin da ya same su tun daga Janairu, sa'an nan su buga ta da yawa su rarraba wa dangi da abokan arziki, har da waɗanda rabonsu da haɗuwa an yi shekara da shekaru.

Katin ya girmi wasiƙar nesa ba kusa ba. A 1840 ne Ingila ta fito da kan sarki na farko a duniya, mai ɗauke da hoton Sarauniya Biktoriya, aka kuma mai da kuɗin aika wasiƙa kwabo ɗaya ko'ina cikin ƙasar. A 1843 wani ma'aikacin gwamnati a Landan mai suna Henry Cole ya sa aka buga katin Kirsimeti guda 1,000, aka sayar da kowane ɗaya sule guda. Amma kati ba ya ɗaukar dogon labari, rubuta wasiƙa hamsin da hannu kuwa ba aikin mai iyali ba ne. Sai da injinan gurza takarda suka yawaita, kamfanin Xerox kuma ya fito da na'urarsa ta kwafar takardu a 1959, sa'an nan wasiƙa ɗaya ta iya wadatar da zuri'a guda.

To, a nan ne fa gizo ke saƙa. Da yawa daga cikin masu rubutun sun mai da abin dandalin cika baki. Maigida ya sami ƙarin girma, uwargida ta buɗe sabon kanti, babban yaro ya zo na ɗaya, ƙaramar kuwa tun ba ta yi wayo ba ta ƙware a kiɗa, ga kuma yawon shan iska da aka je ƙasashe uku. Marigayi Simon Hoggart, ma'aikacin jaridar Guardian ta Ingila wanda ya rasu a 2014, ya shafe shekaru masu karatu suna aiko masa da irin waɗannan wasiƙu da suka ishe su, shi kuwa yana baje su a filinsa ana dariya. Har littafi ya yi da su a 2004, ya raɗa masa suna da kyanwar wasu mutane da aka ce ta iya buɗe firji. Wanda yabon 'ya'yansa bai ishe shi ba sai ya haɗa da kyanwa, ai ka san ya kai maƙura.

Dariyar ba ita kaɗai ba ce a cikin lamarin. Takarda ɗaya ce ke shiga kowane gida, ba ta san wanda aka sallama daga aiki a Oktoba ba, ba ta san wadda ta yi ɓari ba, balle wanda ɗansa ya faɗi jarrabawa. Da baki ake ba da labarin, da mai bayarwa ya dubi fuskar mai saurare ya sassauta. Takarda kuwa ba ta da ido. Ta haka wasiƙar da aka rubuta don sada zumunci takan koma sanadin hassada da ƙullaci.

Saboda haka ne wasu ma'aurata suka ɓullo da wata dabara, wadda a ganina ita ce ta ceci wannan al'ada. Maimakon su jera nasarorinsu, sai su jera abin kunyarsu. A ce maigida ya rantse tun Janairu zai gyara famfon ɗakin girki da hannunsa, don kada a ba mai gyara ko sisi. Wasiƙar sai ta ba da rahoton cewa a Disamba famfon yana nan yana ɗiga, an dai canja masa bokiti sau biyu. Uwargida ta yi lambu a bayan gida, ta kashe kuɗin iri da taki da magani, a ƙarshe ta girbe tumatir uku, idan aka yi lissafi kowane ɗaya ya fi kaza tsada. Motar gida ta mutu a kan hanyar zuwa ɗaurin aure, suka isa ana share wuri. Wasu kan tsara wasiƙar kamar rahoton shekara na kamfani, da riba da hasara, a sa maigida cikin kayan da darajarsu ta ragu. Wasu kuma kan karɓi alƙalami bi da bi: miji ya ba da labari yadda ya ga dama, matar ta biyo baya da gyara a ƙarƙashin kowane layi.

Wannan na ƙarshen shi ya fi armashi, shi kuma ya fi wuya. Mutum biyu da suka kwana ɗaki ɗaya shekara guda ba sa tuna shekarar iri ɗaya. Abin da miji ya ɗauka wasa ne, mai yiwuwa matar ta yi kuka a kansa a Mayu. Kafin labari ya shiga takarda dole su yarda cewa ya huce, ya zama abin dariya a wurin su biyun. In ɗaya ne ke dariya ɗaya yana cizon yatsa, mai karatu zai gane, domin ba'ar da ke da ƙaiƙayi ba ta ɓuya, kuma sirrin da aka buga sau hamsin ba ya komawa ɗaki. Haka nan mutuwa da ciwo ba sa ɗaukar raha. Gwanayen rubutun kan ajiye wasa gefe su faɗi rashin da aka yi a layi biyu ko uku, sa'an nan su koma kan famfo da tumatir.

Marubucin barkwancin nan na Amurka, David Sedaris, ya nuna abin da ke faruwa idan aka ƙi yin haka. A wani gajeren labari cikin littafinsa na 1994, wata uwargida tana rubuta wasiƙar Kirsimeti cikin fara'a da murna, alhali kuwa gidanta ya kama da wuta tun ranar da 'yar da mijinta ya haifa a Biyetnam lokacin yaƙi ta yi sallama a bakin ƙofa. Sai can ƙarshe mai karatu zai fahimci matar shari'a ce ke gabanta, masu ba ta shaida take nema.

Ko da yake sunan mutum biyu ke ƙasan takardar, ba lallai ne su biyun suka yi wahalar ba. Wata malamar ilmin al'adu a Amurka, Micaela di Leonardo, ta yi rubutu a 1987 inda ta nuna cewa aika kati, da tuna ranakun biki, da riƙe zumunci tsakanin gidaje aiki ne sosai, kuma galibi a wuyan mata yake. Ita ke ajiye littafin adireshi, ita ta san wanda ya ƙaura da wanda aurensa ya mutu, don kada a gai da shi tare da tsohuwar matarsa.

Yau da Facebook da WhatsApp suka sa kowa ya san abin da kowa ya ci da rana, ana iya zaton wasiƙar ta yi ritaya. Ba ta yi ba. Wasu suna aika ta ta intanet, wasu kuma har yanzu suna liƙa mata kan sarki. A gidaje da dama, bayan an gama bugawa, uwargida kan ɗauki biro ta ƙara layi ɗaya da hannunta a ƙasan kowace takarda, na wanda za a aika wa shi kaɗai, maigida kuwa a ba shi aikin manne ambulan.