Bangon takardun karatu: amfanin tsari ɗaya ga yaran Briqueterie

A unguwar Briqueterie da ke birnin Yawunde, inda Hausawa suka daɗe da zama, yaro kan tashi da harsuna uku: Faransanci a makarantar boko, Larabci a islamiyya, Hausa ko Fulatanci a gida. Tun shekarar 2017 gwamnatin Kamaru ta tsayar da littafi ɗaya ga kowane darasi, amma takardun atisaye da na bita malamai ne ke shirya su da kansu, su kai shagon fotokwafi. Idan bangonsu babu tsari, sai su cakuɗe a jaka, yaro ya je makaranta da na lissafi ranar da ake karatu.

Maganin shi ne malami ya tsayar da tsari ɗaya tun watan Satumba, ya riƙe shi har ƙarshen shekara. Sunan makaranta a sama, darasi a tsakiya da manyan baƙaƙe, aji kamar CP ko CM2 a kusurwa guda, sannan layin rubuta sunan ɗalibi a ƙasa. Ɗan ajin SIL, wanda bai fara haɗa baƙi ba, da alama yake gane takardarsa. Haka ma mahaifiyar da ba ta karanta Faransanci.

Kada a dogara da launi, domin fotokwafin baƙi da fari yakan mayar da ja da shuɗi toka-toka. Gara kowane darasi ya sami siffarsa: da'ira ga lissafi, tauraro ga karatu. Mai son launi sai ya buga bangon a kan takarda mai launi, ya fi buga zane mai launi araha.

Akwai kuma batun salon rubutun kwamfuta. Wasu ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai akwati ya fito a madadinsu. Andika, wanda ƙungiyar SIL International ta tsara don masu koyon karatu, yana da su, kuma kyauta ne. Takardar Larabci kuwa daga dama take farawa, don haka bangonta da mannenta a ɓangaren da na Faransanci ke ƙarewa za su kasance.

Kafin a buga da yawa, a fitar da kwafi ɗaya, a ɗaga shi a gaban allo. Idan na bencin baya ya gane darasin, bangon ya yi.