Ƙarfen da ke riƙe da kujerar mota: abin lura ga mai farfaɗo da tsohuwar mota

Tun daga shekarar 1975 da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, samfurin 504 ya samu gindin zama a gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa. Masu farfaɗo da irinsa a yau sukan tarar kujerun asali sun lalace, sai su sayo na wata motar a kasuwar gwanjo. A nan matsala take kunno kai, domin ramukan notin sabuwar kujera ba sa dacewa da na daɓen tsohuwar mota. Dole ne a ƙera ƙafafun ƙarfe da za su haɗa su.

Aikin yana farawa ne da duba daɓen. Duk inda tsatsa ta ci, sai an yanke shi an maye gurbinsa da lafiyayyen ƙarfe, domin ruɓaɓɓen daɓe ba ya riƙe noti. Daga nan a zaunar da direba a kan kujerar, a tabbatar ƙafarsa tana taka birki da kuloci har ƙasa, kuma yana hangen hanya sarai. Sai mai walda ya fitar da siffar ƙafar a kan kwali, ya gwada, kafin ya taɓa ƙarfe.

Ƙwararru sukan yi amfani da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 ko fiye, da noti mai lamba 8.8 a kansa. A ƙarƙashin motar kuma sukan sa wani faffaɗan faranti, don kada notin ya yage daɓen ya fito. Wajibi ne dogayen ƙarafa biyun da kujera ke zamewa a kansu su tafi daidai wa daida, in ba haka ba za ta cije.

Wannan tsanani yana da dalili. A Amurka, ƙa'ida ta tanadi cewa mazaunin kujera ya jure ƙarfin da ya ninka nauyinta sau 20. Ke nan kujera mai kilo 20 tana iya fizgar ƙafafunta da ƙarfin kilo 400. Idan kuma makullin bel a jikin kujerar yake, nauyin direban ma a kan ƙafafun zai sauka lokacin karo.

Saboda haka ya kamata mai mota ya leƙa ƙarƙashin kujera kafin ya biya kuɗin aiki. Idan guntayen rodi ya gani an ɗiga musu walda a jikin daɓe, to a sake aikin.