Zuciya na iya kare kanta, amma sai in saƙo ya isa

Idan jijiyar da ke shayar da zuciya da jini ta toshe, naman zuciyar yakan soma mutuwa bayan kamar minti 20, kuma abin da ya mutu ba ya farfaɗowa. Sai dai bincike a kan dabbobi ya nuna cewa zuciya na da wata garkuwa tata ta kanta.

A shekarar 1986, a jami'ar Duke ta ƙasar Amurka, masana uku, Murry da Jennings da Reimer, suka yi gwaji a kan karnuka. Suka matse jijiyar zuciya minti 5, suka sake ta minti 5, har sau 4, kana suka toshe ta minti 40. Naman da ya mutu bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na wanda ya mutu a karnukan da ba a yi wa wannan sharar fage ba. Amma da toshewar ta kai awa 3, garkuwar ba ta tsinana kome ba.

Sirrin yana cikin saƙon da ke yawo a ƙwayoyin naman zuciya. A 1991, ayarin James Downey ya gano a jikin zomaye cewa sinadarin adenosin da ƙwayar da ta ƙishirci jini takan fitar shi ne ke tayar da garkuwar. A 1994 suka nuna cewa wani furotin mai suna PKC ne ke karɓar saƙon ya miƙa shi gaba. Tafiyar ta yi kama da ta takarda mai bin biro-biro: in ta maƙale a hannu ɗaya, aiki ya tsaya. Ɓerayen da aka cire wa wani nau'in PKC sun rasa kariyar. A 1992, Gross da Auchampach sun ga maganin ciwon sukari glibenclamide ya kawar da ita a karnuka, ko da yake wannan ba dalili ba ne na barin magani ba da izinin likita ba. Tsufa da ciwon sukari su ma suna raunana ta a dabbobi.

A nan ne gizo ke saƙar. Dabbobin gwaji galibi matasa ne masu lafiya, alhali masu ciwon zuciya yawanci manya ne masu hawan jini ko sukari, suna shan magunguna iri-iri. An gwada dabarar a kan mutane ta hanyar matse damtse da abin awon hawan jini, amma wani babban gwaji a Turai a kan marasa lafiya sama da 5,000, wanda ya fito a 2019, bai nuna amfani ba.

Saboda haka har yanzu magani shi ne a buɗe jijiyar da wuri. Wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, da zufa, da ciwo mai gangarawa hannun hagu, kada ya jira a rufe shago ko a tashi daga aiki; a kai shi asibiti nan take.