RIƘON MARAYU: DARASIN ƘASAR FILIFIN GA JEGA, ALIERO DA MAIYAMA

Duk wanda ya shiga tashar motar Jega ranar kasuwa, ko ya tsaya inda ake lodin buhunan albasa a Aliero, ko kuwa ya ratsa Maiyama a kan hanyarsa ta zuwa Koko da Yawuri, ba zai rasa ganin yara ƙanana suna kai da kawowa tsakanin motoci ba. Waɗansu talla suke yi, waɗansu dako, waɗansu kuwa bara. A cikinsu akwai almajirai masu iyaye a ƙauye, akwai kuma waɗanda mutuwa ta raba su da uba, ko uwa, ko duka biyun.

Abubuwan da ke mai da yaro maraya ba su yi ƙaranci a Jihar Kebbi ba cikin 'yan shekarun nan. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 100 ya nutse a kogin Kwara kusa da Warra, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a ƙasar Zuru. A farkon 2025 kuma cutar sanƙarau ta ɓarke a Jega da Aliero da Gwandu, har Gwamnatin Jiha ta ba da sanarwar mutuwar mutum 26. Irin waɗannan masifu sukan bar gidaje cikin halin ni-'yasu, yara ne kuwa kan fi ɗanɗana kuɗarsu.

To, idan attajiri ko wata ƙungiya ta tashi taimako, abin da kan fara zuwa a zuciya shi ne a gina gidan marayu. Kafin a aza tubali, ya kyautu a dubi abin da ya faru a wata ƙasa wadda ta shafe fiye da shekaru 200 tana wannan aiki, watau Filifin.

AIKIN 'YAN SA-KAI A FILIFIN

Sunan wannan ƙasa ba baƙo ba ne ga waɗanda suka yi sakandare a jihohin Arewa cikin shekarun 1970 da 1980, domin malamai 'yan Filifin sun koyar da lissafi da kimiyya a makarantu da yawa a wancan zamani. Ƙasa ce ta tsibirai fiye da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya, mutanenta sun haura miliyan 100. Mafi yawansu Kiristoci ne mabiya ɗarikar Katolika, sai Musulmi da suka fi yawa a kudu. Sifaniya ta mulke ta fiye da shekaru 300, sa'an nan Amurka ta karɓa, har ta sami mulkin kai a 1946.

Tsohon gidan marayun da ya fi shahara a can shi ne Hospicio de San José, wanda asalinsa ke komawa ƙarshen ƙarni na 18. Tun 1810 yake zaune a kan wani ɗan tsibiri cikin kogin Pasig a birnin Manila, tun cikin shekarun 1860 kuma mata masu hidimar coci ke gudanar da shi. An san gidan da wata 'yar taga mai juyawa a jikin bango, inda uwar da ta rasa yadda za ta yi takan ajiye jaririnta ta juya shi ciki ba tare da an ga fuskarta ba. Manufar ita ce kada a jefar da jariri a kwata ko a juji.

A 1974 wani limamin Katolika ɗan ƙasar Ailan, Shay Cullen, ya kafa ƙungiyar PREDA a garin Olongapo, daura da babban sansanin sojan ruwan Amurka na Subic. Gidajen shaye-shaye da karuwanci sun cika garin a lokacin, har ana tura yara ƙanana cikin wannan mummunar sana'a. Ƙungiyar ba ta tsaya ga ba yara masauki da abinci ba. Ta riƙa kai masu lalata da su gaban shari'a, ta yi fafutukar fitar da yaran da aka kulle a kurkuku tare da manya, ta kuma shiga sayen mangwaro daga ƙananan manoma a farashi mai kyau, don kada talauci ya kore 'ya'yansu zuwa birni. An rufe sansanin a 1992.

Wani limamin kuma, Aloysius Schwartz, mutumin Amurka, ya kai aikinsa Filifin a 1985 bayan ya daɗe yana yi a Koriya ta Kudu. Shi makarantun kwana ya buɗe, inda 'ya'yan matalauta ke samun ilmin sakandare da koyon sana'a kyauta. Ya rasu a Manila a 1992, amma makarantun suna nan suna aiki a lardunan Cavite da Cebu.

INDA AKA GANO KUSKURE

Babu mai musun cewa waɗannan ayyuka sun ceci rayuka. Amma da tafiya ta yi nisa sai masana suka lura da wani abu. A 2009 ƙungiyar Save the Children ta bayyana cewa, a duniya baki ɗaya, aƙalla huɗu cikin kowane yara biyar da ke gidajen marayu suna da uwa ko uba a raye. Ashe ba mutuwa ce ta kai su can ba, talauci ne.

Abu na biyu ya shafi su kansu 'yan sa-kai. Matasa kan taso daga Turai da Amurka su yi mako biyu ko wata guda a gidan marayu, yaro ya shaƙu da su, sa'an nan su tafi, wani ayarin ya zo. Yaron da aka saba masa da rabuwa haka yakan tashi bai yarda da kowa ba. Mafi muni, a waɗansu ƙasashe an sami mayaudara da ke tara 'ya'yan talakawa su kira su marayu don su tatsi kuɗin baƙi. Wannan ne ya sa Ostireliya, lokacin da ta kafa dokarta ta yaƙi da bautar zamani a 2018, ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin wani nau'i na bauta.

Filifin ta gyara tafiyarta da dokoki. Dokar 2006 ta hana a hukunta yaron da bai wuce shekara 15 ba kamar babba. Dokar 2012 ta tsara riƙon yara a gidajen jama'a: ana binciken mai son riƙo, a ba shi izni a rubuce, jami'an jin daɗin jama'a su riƙa leƙawa, an kuma tanadi tallafi ga yaron. A 2022 aka kafa hukuma guda ta ƙasa mai kula da sha'anin duka. Ma'ana dai, bayan shekaru 200 na gine-gine, ƙasar ta dawo ga cewa gida ya fi gidan marayu.

TARIHIN ABIN A AREWA

Ƙasar nan ma ta taɓa ganin irin wannan aiki. A farkon mulkin Turawa an buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru, mafi yawansu yara. A 1909 'yan mishan na SUM suka buɗe nasu a Rumasha, bakin kogin Binuwai. A ƙarshen shekarun 1930 kuma 'yan mishan na SIM suka karɓi aikin jinyar kutare a Amanawa ta Sakkwato da Babbar Ruga ta Katsina da kuma lardin Kano, bisa yarjejeniya da En'e-En'e. Sun yi jinya ƙwarai, sun kula da 'ya'yan majinyata. Amma an sha taƙaddama tsakaninsu da sarakuna a kan koya wa yaran Musulmi wani addini. Darasin a fili yake: taimakon da aka yi zargin yana da wata manufa a ɓoye ba ya samun amincewar jama'a, ko daga wane ɓangare ya fito.

ABIN DA KE HANNU

Abin lura shi ne, tsarin da Filifin ta dawo gare shi da ma yana nan a ƙasar Hausa. Idan magidanci ya rasu, baffa ko kawu ko gwaggo ko kaka kan ɗauki yaro riƙo. Musulunci ya kwaɗaitar da wannan ƙwarai, ya hana a canja wa yaro sunan ubansa, ya kuma tsananta a kan cin dukiyar maraya. Kiristocin jihar ma nasu addinin haka ya hore su da tausayin maraya da gwauruwa.

Sai dai riƙon yau ya yi rauni. Tsadar abinci ta sa mai 'ya'ya bakwai yana jin nauyin ƙara na takwas. Sau da yawa ɗan riƙo ne kan fara barin makaranta, shi ne ɗan aike, ita ce mai talla. Gonar da uba ya bari kuma takan salwanta kafin yaro ya yi hankali, don babu wanda ya rubuta kome.

Saboda haka, aikin da ke gaban hakimai da limamai da ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama bai fi ƙarfinsu ba. Da farko, kowane mai unguwa ya san marayun unguwarsa da mai riƙonsu, a rubuce. Na biyu, a ƙididdige gadon maraya a gaban alƙali ko shaidu, a ajiye takarda. Na uku, zakkar shinkafa da gero da ta kasuwanci, da kuma sadakar masu hali, a kai wani kaso ga gidan da ke riƙon, musamman ga uwar da aka bari da 'ya'ya, don jari kaɗan kan hana ta tura su bara. Na huɗu, ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, za su iya zama 'yan sa-kai na gari, masu koyar da karatu da yamma shekara da shekaru, ba baƙin mako biyu ba.

Gidan marayu yana da ranarsa, domin akwai jaririn da aka tsinta, akwai kuma yaron da danginsa ne ke cutarsa. Amma ya zama wurin da ake zuwa idan dabara ta ƙare, mai rajista, wanda hukuma ke bincika. Dokar kare haƙƙin yara ta Tarayya tana nan tun 2003, saura aiki da ita.

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Yaron da ke bin motoci a tashar Jega yau, nan da shekara goma ko dai ya zama manomi ko malami ko maɗori, ko kuwa ya faɗa hannun waɗanda ke neman matasan da ba su da kowa. Wanda zai zama ya danganta ga ko an sami gidan da ya buɗe masa ƙofa, da kuma ko jama'a sun tallafa wa wannan gidan.